Kamanceceniyar otizim da lalurar rikicewar hali

Otizim, wanda wasu ke kira galahanga, yanayi ne da ke bayyana tun ƙuruciya. Leo Kanner ya siffanta shi a 1943. Lalurar rikicewar hali, da likitoci ke kira BPD, takan fito ne a samartaka, sau da yawa bayan ƙuncin yarinta.

Alamunsu kan haɗu: fushi mai wuyar dannewa, ji wa kai rauni, da wahalar riƙe zumunci. Tushen dai daban ne. Mai otizim kan rikice saboda hayaniya ko sauyin abin da ya saba, mai BPD kuwa saboda tsoron a guje shi. Mata masu otizim da suka koyi ɓoye alamunsu sun fi faɗawa kuskuren ganewa, kuma mutum ɗaya na iya samun duka biyun. Bambance su na buƙatar tarihin yarinta daga bakin iyaye.

Samun wurin da za a yi wannan bincike ma wani ƙalubale ne. A Gana, asibitocin taɓin hankali uku na gwamnati, Accra, Pantang da Ankaful, duk suna kudu. A arewa kuwa, iyalan unguwar Vittin da ke Tamale sun dogara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tamale, nauyin da ya yi wa sashe guda yawa.