Jerin kalmomin Ingilishi da ke yawo a salula: daga ina suka fito?

Kwanan baya mahaifin wata tsohuwar ɗalibata ya tsayar da ni a bakin lakwal, ya miƙo mini salularsa. Ya ce, "Mushe, duba mini wannan. Tunda yarinyar nan ta shiga kwaleji nake so ta kama Ingilishi da kyau. Ƙanena ne ya turo, kullum ina sa ta haddace ashirin." Na duba. Jeri ne mai tsawo: kalmomi masu harafi biyu, masu uku, masu bakwai, sai waɗanda ke da Q babu U a bayansa. Fassara ko ɗaya babu. Na ce, "Alhaji, ai wannan kayan ƴan wasan Scrabble ne."

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar, iyaye da yawa sun tashi neman duk abin da zai taimaki yaransu. Ya kamata mu san asalin abin da muke ba su.

Labarin ya faro a New York ta Amurka, a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye. Wani mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya rasa aikinsa, ya zauna ƙirƙirar wasa. Ya ɗauki jaridu yana ƙirga haruffa ɗaya bayan ɗaya, don ya ga wanda ke yawan zuwa da wanda ba a cika gani ba. Da wannan lissafi ya raba ƙwayoyin wasan: E goma sha biyu, kowane maki ɗaya; Q da Z guda-guda, kowane maki goma. S kuwa da gangan ya bar shi huɗu kacal, saboda da shi Ingilishi ke yin jam'i, kada wasan ya yi sauƙi. A 1938 ya sa wa abin suna Criss-Crosswords, bai samu kasuwa ba. Sai a 1948 wani mai suna James Brunot ya karɓa, ya gyara dokoki, ya raɗa masa Scrabble.

To, da wasan ya bazu sai gardama ta biyo baya. Wannan ya aza kalma, wancan ya ce babu ita, kowa ya jawo ƙamus ɗin gidansu. Don a kashe wannan rigima kamfanin Merriam-Webster ya fitar da ƙamus na ƴan wasa a 1978, wanda aka tattaro daga ƙamus biyar, mai ɗauke da kalmomi masu harafi biyu zuwa takwas. Ingila ta fitar da nata jerin a 1988 daga ƙamus ɗin Chambers, shi kam ko ma'ana ba a sa ba. Alƙalin wasa ba ya tambayar abin da kalma take nufi. Akwai ta ko babu ita, shi ke nan. A gasar duniya ta farko, a Landan a 1991, an karɓi jerin biyu duka, kuma tun 2007 kamfanin Collins ke buga haɗaɗɗen, wanda yanzu ya haura kalma 270,000.

Daga nan ne tsarin tsawo da haruffa ya fito. Ɗan wasa yana riƙe da ƙwayoyi bakwai, in ya zuba su duka a tashi ɗaya ya samu ƙarin maki hamsin, shi ya sa ake haddace masu harafi bakwai. Har sukan jera haruffan kalma bisa tsarin abacada: AEINRST, alal misali, daga cikinsa ake fitar da retains da retinas da nastier. Masu harafi biyu kuma su ne ƙugiyar da ake maƙala sabuwar kalma jikin tsohuwa. Cikinsu akwai qi, daga Sinanci, da aa, sunan wani irin dutse da aman wuta ke bari a harshen mutanen Hawayi. Bature da yawa zai mutu bai taɓa furta su ba.

Ni na Faransanci na sani, tun muna makarantar horon malamai. Wata rana muka ce bari mu buga da Hausa. A na Faransanci K da W da Y kowane maki goma ne, sai ga "kawu" ya ba ni maki 22, abokaina suna ihu. "Kwakwa" kuwa ba ta rubutuwa, don K ɗaya ne W ɗaya, kuma kafin a je ko'ina A tara ɗin sun ƙare. Ranar na gane cewa lissafin kowane harshe nasa ne.

Shekarar 2015 ta nuna iyakar wannan hadda. A watan Yuli wani ɗan New Zealand, Nigel Richards, ya ci gasar duniya ta Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin kamar mako tara, ya doke ɗan Gabon a wasan ƙarshe. A Nuwamba kuma Wellington Jighere na Najeriya ya ci ta Ingilishi a Perth ta Ostareliya, ɗan Afirka na farko. Na yi murna da shi ƙwarai. Amma labarin Richards ne ya fi tsaya mini a rai a matsayina na malami, don na sha ganin yaron da ke cin dikte ba kuskure, ka tambaye shi abin da ya rubuta ya yi shiru.

Ban ce a jefar da wasan ba. Yaro mai ɗan Ingilishi a baki, Scrabble na gyara masa rubutu, yana kuma sa shi buɗe ƙamus ba da bulala ba.

Washegari Alhaji ya zo da yarinyar da littafinta na aji. Muka ɗauki masu harafi biyu, ɗari da ashirin da wani abu, muka soke duk wadda ba za ta gamu da ita a karatu ba. Ashirin da huɗu suka rage, irin su am da go da if da we. Na ce ta sa kowace cikin jimla ta kawo mini ranar Litinin. Da muka zo kan aa na tambaye ta ko ta san ta, sai ta yi dariya ta ce, "A'a, Mushe."