Daga Sansani Zuwa Hedikwata: Tarihin Albashi da Kasuwa a Jalingo

1.0 Gabatarwa

Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta kasuwa ce ta haife su, sa'annan mulki ya zo ya same su. Kano misali ce, domin tun kafin zuwan Turawa masaƙa da marina da dukawa suke riƙe da ita. Jalingo kuwa akasin haka ce: mulki ne ya kafa ta, kasuwa ta biyo baya tana cin albarkacinsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wannan asali ya shafi rayuwar ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa na garin, tun daga 1893 zuwa shekarun baya-bayan nan.

2.0 Asalin Garin da Zamanin Kogi

Masarautar Muri ta samo asali ne daga jihadi. Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gwambe, shi ne ya kafa ta wajen 1817, da hedikwata a garin Muri, arewa da kogin Binuwai. Arzikinta a wancan ƙarni ya dogara ga noma da kiwo da gishirin Bomanda da harajin fatake, da kuma bayi, waɗanda ake samowa ta hanyar kai hari kan al'ummun da ke kudu da kogi.

A 1892 wani hafsan Faransa mai suna Luwi Mizon ya hauro Binuwai da jiragen ruwa, yana neman ya yi wa kamfanin Royal Niger na Ingila ƙafar ungulu. Ya tarar da Lamiɗo Muhammadu Nya ya daɗe yana fama da Jukunawan Kona bai ci su ba. Mizon ya taimaka masa da igwa, Kona ta faɗi, aka kwashi mutanenta da yawa bayi. A shekarar da ta biyo, wato 1893, sansanin da aka kafa kusa da Kona ya zama mazaunin Lamiɗo. Sunan Jalingo daga Fulatanci yake, kuma yana ɗauke da ma'anar rinjaye ko nasara. Ke nan sunan ma shaida ne cewa ba don ciniki aka zaɓi wurin ba.

Wannan zaɓi ya bar baya da ƙura, domin garin ba a bakin Binuwai yake ba. Da Turawan Ingila suka karɓe ƙasar a farkon ƙarni na ashirin, babbar hanyar ciniki ita ce kogi, kuma kamfanoni irin su Royal Niger da John Holt, daga baya kuma UAC, a tashoshin bakin ruwa suka fi kafa kantunansu, kamar Ibi da Lau. Can ake auna gyaɗa da riɗi da auduga, can ake sauke gishiri da atamfa da kananzir. Jiragen kuwa sai da damina suke iya haurowa, in ruwa ya cika; da zarar ya janye, sai ciniki ya kwanta har baɗi. Jalingo ta zama wurin da ake tara haraji da jangali, Lau kuma wurin da manomi yake samun kuɗin biyansu.

A 1926 aka rushe Lardin Muri, aka haɗa yankin Jalingo da Lardin Adamawa, Wukari da Ibi kuma suka koma Lardin Binuwai. Tun daga lokacin Jalingo ta zama hedikwatar En'e kawai, mai kallon Yola. A tsawon mulkin Lamiɗo Muhammadu Mafindi, wanda ya yi kusan shekara hamsin a kan gado, masu albashi a garin 'yan kaɗan ne: ma'aji da malaman haraji da alƙalai da dogarai da 'yan doka da malaman elemantare da na dabbobi. Amma kaɗan ɗin nan su ne masu kuɗi a hannu kowane wata, kuma a kansu tela da mahauci da ɗan koli suka fara dogara. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Layin dogo da aka ja zuwa Barno a farkon shekarun 1960 ta Bauci da Gwambe ya bi, ya bar duk ƙasar da ke kudu da Binuwai ta wannan ɓangare a hannun kogi da mota.

3.0 Ƙirƙiro Jiha a Lokacin Tsuke Bakin Aljihu

Daga 1967 Jalingo tana ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, hedikwata a Maiduguri. Daga 1976 kuma ƙarƙashin Gongola, hedikwata a Yola. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola biyu, aka sami Adamawa da Taraba, Jalingo ta wayi gari babban birnin jiha.

Abin lura a nan shi ne lokacin da wannan alheri ya zo. Jihohin 1976 an haife su ne kuɗin man fetur yana malala, don haka Yola da Bauci da Minna suka sami sakatariya da gidajen ma'aikata da tituna cikin 'yan shekaru. Taraba kuwa an haife ta shekara biyar bayan an soma shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, wanda ya karya darajar Naira tun daga 1986. Albashi mafi ƙanƙanta, wanda yake Naira 125 a 1981, an ɗaga shi zuwa Naira 250 a 1991, amma abin da 250 ɗin take saye bai kai na 125 ta da ba. A wannan hali ne aka umarci ma'aikata 'yan asalin sabuwar jiha su tattaro daga Yola su dawo gida.

Garin bai shirya karɓarsu ba. Ofisoshi suka rarrabu a gine-ginen aro, ma'aikata da yawa suka bar iyali a Yola suna zuwa suna komawa, wasu suka cunkusu a ɗaki guda. Kuɗin haya ya tashi, filaye suka yi daraja, unguwanni irin su Magami da Mayo Gwoi da Sabon Gari da Nukkai suka yi ta faɗaɗa, har gini ya miƙa zuwa Mil Shida. Wanda ya fara cin moriyar sabuwar jiha ba ma'aikaci ba ne. Mai fili ne, da mai buga bulo, da birkila, da kafinta, da mai sayar da siminti da kwano. Bayansu sai masu abinci da masu shayi da 'yan acaɓa. 'Yan kasuwa suka kwararo daga Kano da Gwambe da Anaca, kowa da irin hajarsa: Hausawa a hatsi da yadi da nama da kayan koli, Ibo a kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini, matan Mumuye da na Kona a doya da itace da kayan miya. Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su duka, ko da yake garin na Fulani ne a sarauta, kuma ƙasar ta Kona da Mumuye ce a asali. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Jalingo mutum kusan 140,000, a jihar da take da kimanin miliyan 2.3.

Sai dai duk wannan hada-hada a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Taraba tana cikin jihohin da suke tara kuɗin shiga mafi ƙaranci a ƙasar nan, kuma mafi yawan abin da take kashewa daga rabon asusun tarayya yake zuwa. Kuɗin yakan taso daga Abuja, ya shiga baitulmalin jiha, ya fita a matsayin albashi da kuɗin kwangila, sa'annan ya isa kasuwa. Saboda haka kasuwar Jalingo da wata take numfashi. Harshen mutane ma ya nuna haka. In aka ce "wata ya yi nisa", kowa ya san ba maganar sama ake yi ba. In aka ce "an yi albashi", har wanda bai taɓa aikin gwamnati ba sai ya saki fuska. Mai tireda yana da littafin bashi, ma'aikaci yana ɗibar shinkafa da sabulu da madara a rubuta, shi kuma mai tiredar ya karɓo kaya bashi daga babban dila, dilan kuma yana da nasa alkawari a Kano ko Anaca. Idan albashi ya makara wata biyu, ma'aikaci yakan ji kunya, amma mai tireda shi yake karyewa, domin jarinsa ne aka cinye, kuma ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta tafi yajin aiki dominsa. An ga wannan a fili a 2015 da 2016, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi har sai da Gwamnatin Tarayya ta ba su rancen ceto. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da 'yan fansho su suka fi jin jiki, tare da masu ba su bashi.

Buɗe Jami'ar Jihar Taraba a 2008 ya ɗan sauya lissafi, domin ɗalibi da kuɗin iyayensa yake zuwa, ba da na baitulmali ba. Masu ɗakunan haya da masu buga takardu da masu abinci sun samu. Amma su ma in malamai suka tafi yajin aiki, sai unguwar ta yi tsit.

4.0 Arzikin da Yake Wucewa ta Gefe

Ba za a ce ƙasar matalauciya ce ba. Doyar Zing da ta Ɗan Anaca, shinkafar fadamun Gassol da Lau da Karim Lamiɗo, masarar Mutum Biyu da Garba Cede, shanun kasuwar Iware, kifin Tella, da ganyen shayin Kakara a tsaunin Mambila, duk sanannu ne har wajen jihar. Matsalar ita ce yawancinsu ɗanye suke fita, a bayan tirela, ribar sarrafa su kuma a wani gari ake cinta. Babban dalili shi ne wuta. Injin niƙa da na casar shinkafa da na walda sun daɗe suna dogara ga janareto, alhali tashar wutar Mambila, wadda aka sa hannu a kan kwangilarta ta megawat 3,050 da kamfanonin Sin a 2017, ta tsaya a takarda, bayan an shafe shekaru fiye da talatin ana ambatonta.

Sau ɗaya kuɗi mai yawa ya shigo ba ta hanyar albashi ba, wato lokacin cinikin madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid. Daga wajen 2014 aka yi ta sare ta a dazuzzukan Bali da Gashaka da Kurmi ana kaiwa Legas, daga can zuwa Sin. Samari suka bar gona da makaranta, masu injin yankan itace da direbobi da 'yan lodi suka ga kuɗin da ba su saba gani ba, otal-otal da shagunan Jalingo suka shaida. Cikin 'yan shekaru manyan itatuwan suka ƙare a wuraren da mota take iya shiga, aka kuma ƙuntata cinikin a duniya daga 2017. Abin da ya rage shi ne kututture da hanyoyin da manyan motoci suka farfasa.

Tsaro ma ya taɓa abincin talaka. Bayan harin bom da aka kai wa ayarin kwamishinan 'yan sanda a Jalingo a ƙarshen Afrilun 2012, gwamnati ta hana haya da babur a cikin gari. Ta fuskar tsaro ana iya fahimtar matakin, amma acaɓa ita ce masana'antar da ta fi kowace ɗaukar matasa, kuma Keke Napep da ya maye gurbinta ya fi ƙarfin jarin mai babur. Da yawa daga masu abin kansu sai suka koma direbobin wasu, suna kai balas kullum. A daidai wannan tsakani kuma rikicin Wukari na 2013 da 2014, da faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram a 2014, suka turo dubban mutane garin. Hannayen neman aiki suka ƙaru, aikin bai ƙaru ba, ladan lebura ya tsaya cik yayin da haya take hawa.

5.0 Gari Mai Rataye da Gada

Tunda babu dogo, kogi kuma ya daina ɗaukar kaya tun da daɗewa, duk abin da Jalingo take ci ko take sayarwa ta hanyoyin mota biyu yake bi: wadda ta nufi Numan da Yola da Gwambe, da wadda ta nufi Wukari da Makurɗi da kudu. Wannan ya sa kuɗin mai yake shiga farashin kowane abu fiye da yadda yake shiga a Kano ko Kaduna. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar, wanda ya durƙusar da masu kayan gwari da ba su da asusun banki. Dokar 2024 ta kai albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000, daga 30,000 na 2019. Ma'aikaci ya sami abin riƙewa, ko da bai kai ba. Tela da mai faci da mai ƙosai kuwa babu dokar da ta ƙara musu kome, sai dai su jira abin da zai ragu a hannun ma'aikacin bayan ya biya mota da haya.

Gadoji su ne sauran labarin. A Agustan 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai a bakin gari, mutane da yawa suka halaka, hanyar kudu ta yanke. Shekara goma sha tara bayan haka, a Agustan 2024, gadar Namnai da ke ƙaramar hukumar Gassol, a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, ita ma ta rufta. Manyan motoci suka koma dogon zagaye, ƙanana kuma aka riƙa tsallakar da su a kan kwale-kwale da jiragen fito, ana biya a kowace tsallakawa, kuɗin kuma yana ƙarewa a kan buhun siminti da kwalin taliya a babbar kasuwar Jalingo. Masu fito da 'yan dako na ƙauyukan bakin ruwan suka sami sana'ar da kakanninsu suka sani a Lau da Ibi, aka kuma yi asarar rayuka a haɗarin jirgin ruwa a mashigar a 2025, tun ba a kai ga gyara gadar ba.