Gona a Matsayin Shaidar Salsala: Nazari a Kan Zuri'ar Baƙin Manoma a Ƙasar Kagarko

Ƙasar Kagarko, wadda ke kudancin Jihar Kaduna tana iyaka da Babban Birnin Tarayya, mazauni ce ta Koro da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, tare da Hausawa da Fulanin da suka kafu a garuruwa irin su Kagarko da Jere. Wannan maƙala ta duba yadda za a bi salsalar iyalan da suka shigo ƙasar domin noma, wato jerin iyaye da kakanni da ke haɗa mutum da tushensa, kuma hujjarta ita ce tarihin gona ya fi labarin asali amfani ga mai bincike.

Shigowar baƙi ba ta faru lokaci guda ba. Bayan da Malam Musa ya karɓi Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba, daga bisani ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau, sai wannan yanki ya kasance tsakanin sarautu biyu masu gaba da juna. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya sanya Kagarko cikin ƙasashen da ke biyayya ga Zariya. A wancan zamani fatake da malamai sun zauna, an kuma tsugunar da bayi a rumada, wato ƙauyukan noma na masu mulki. Isowar jirgin ƙasa Kafanchan a shekarun 1920, da ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, da kasuwar citta, duk sun jawo 'yan cirani waɗanda da yawansu suka ari gona suka zauna.

Kwatanci da wata al'umma ta nesa zai fito da matsalar bin salsala fili. Tun daga 1853 manoma masu harshen Walun suka fara barin lardin Brabant na Beljiyam zuwa arewa maso gabashin Wiskonsin a Amurka, inda suka sare daji suka sa wa ƙauyukansu sunayen gida irin su Namur. Jikokinsu na iya bin nasabarsu ƙarni biyu ko fiye, domin coci na rubuta baftisma da aure da mutuwa, hukuma kuma ta fara rajistar jama'a a Beljiyam tun ƙarshen ƙarni na 18, sannan takardun sayen fili suna nan a ajiye. Abin lura shi ne mai wannan bincike a Wiskonsin ba ya asarar komai idan ya gano kakansa baƙo ne, hasali ma abin da yake nema ke nan.

A Kagarko lamarin ya sha bamban. Rubutattun bayanai da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna da kuma Arewa House galibinsu rahotannin kimanta haraji ne da jerin sarakuna da hakimai, waɗanda jami'an mulkin mallaka suka tattara ta bakin tafinta bayan 1902. Talakan manomi yakan bayyana a ciki a matsayin adadi kawai, mace kuwa ba safai ake ambatonta ba. Ruwayar baka ta fi yalwa, amma tana da nata giɓin: akan tuna wanda ya kafa gida da kakanni biyu ko uku na kusa, na tsakiya su ɓace, kunyar faɗin sunan ɗan fari ko na miji ta sa laƙabi irin su Tanko da Dogo sun maye gurbin sunan yanka, zuri'ar da ta fito daga rumada kuwa takan yi shiru a daidai kakan da aka kawo, ko da yake dokar Turawa ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901. Mafi girman cikas shi ne cewa asali a nan yana da farashi, domin takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ke buɗe ƙofar makaranta da aikin gwamnati, don haka dattijon da aka tambaya daga ina kakansa ya zo yana sane da abin da amsarsa za ta jawo wa jikokinsa.

Gona ba ta da wannan sauƙin juyawa, saboda tarihinta ba a bakin gida ɗaya yake ba. Kowace gona ta shigo hannun mai ita ta ɗaya daga sanannun hanyoyi: gado, ko saran daji da izinin dagaci, ko aro, ko jingina, ko saye, kuma maƙwabtan kan iyaka sun san wace ce. Idan gonar aro ce, bisa al'adar da ta yaɗu a yankin ba a yarda baƙo ya dasa itace mai daɗewa a cikinta ba, kuma ɗorawar da ke tsaye a tsakiyarta ta mai ƙasa ce, matan gidansa ke zuwa roron 'ya'yanta su yi daddawa ko da dawar da ke ƙarƙashinta ta wani ce. Damin hatsin da ake kai wa mai ƙasa da kaka, wanda ake kira galla, shi ma shaida ne da ake sabuntawa kowace shekara a gaban jama'a. Mai binciken da ya tambayi wa ke roron wannan ɗorawa, wa ya fara bayar da galla, a hannun wa ya karɓi gonar, zai samu sunaye da jerin zamani da zai gwada da ruwayar gidaje uku ko huɗu, ya ƙara da kufai da makabartu da zanen fuskar tsofaffi.

Hanyar tana da iyaka. Ba ta kama Fulanin da suka bar ruga suka koma noma sai daga ranar da suka fara huɗa, kuma tana raunana a kusa da Jere da bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda ake yanka gonaki fuloti-fuloti ana sayarwa da takardar da ke ɗauke da sunan mai saye da mai sayarwa kaɗai, ana kuma sare ɗorawar kafin a aza harsashin gini.