Tasirin Daɗewa Ana Shan Barasa a Kan Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Yayin Shanyewar Ɓarin Jiki: Nazari Daga Kudancin Jigawa

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana shan barasa idan jijiyar jini ta toshe, da abin da hakan ke nufi ga majinyatan karkara, irin na Dingaya da ƙauyukan Gwaram, da ake kaiwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Gabatarwa

Binciken SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki. Barasa tana ƙara hawan jini, wannan sananne ne. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda take sauya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa tun kafin ciwon ya zo.

Abin da ke Faruwa a Cikin Ƙwaya

Da zarar jini ya yanke, ƙwayoyin jijiya sukan rasa iska da sukari, su amayar da sinadarin gulutamet. Shi kuma ya buɗe ƙofofin NMDA, kalsiyam ya kwarara ciki fiye da kima, ƙwayar ta mutu. Barasa tana danne waɗannan ƙofofi, don haka ƙwaƙwalwar mashayi takan ƙara yawansu don ta ci gaba da aiki. Ranar da jijiya ta toshe, gulutamet ya tarar da ƙofofi birjik. Gwajin da aka yi a kan ɓerayen da suka shafe makonni suna shan barasa mai yawa ya nuna wurin da ya mutu ya fi faɗi, furotin EAAT2 mai kwashe gulutamet kuma ya ragu. Ga kumburin da barasa ke tayarwa ta hanyar furotin TLR4, ga hanta da ta gaza yin sinadaran daskarar da jini, abin da ke ƙara hatsarin fashewar jijiya.

Tattaunawa

Tun da Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, mai sha ɓoyewa yake yi. A ganina nan gizo ke saƙar. Ana kwantar da mutum a asibiti, sha ya yanke. Alamomin yankewar sukan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 24, su tsananta tsakanin 48 zuwa 72, daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke kumbura. Majinyaci ya hau makyarkyata da gumi da sambatu, dangi su ce iska ce, likita ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. In kuwa aka tsaya a gaban 'ya'yansa da surukansa aka ce, "Malam, kana sha?", amsar a'a ce. Ya kamata a keɓe a tambayi majinyacin, ko amininsa idan baki ya shanye, a sa ido sosai a kwana ukun farko, a kuma ba duk wanda ake zato yana sha bitamin B1.