Kalmar "Jana'iza": Asalinta da Ma'anarta a Ƙasar Adar

1.0 Gabatarwa

Masu fassara takardun tarihi daga Faransanci zuwa Hausa sun saba sa kalmar jana'iza a duk inda suka tarar da funérailles. A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa kalmomin biyu ba su yi daidai ba, kuma ƙirar kalmar jana'iza ita kanta tana nuna hanyar da ta biyo ta shigo Hausa, wato hanyar littafi. Mun taƙaita bayaninmu a kan gundumomin Madawa da Buza da Keita cikin jihar Tawa, inda Azna da Abzinawa da malamai suka daɗe suna zaune tare.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen kalmar Larabci ne. Larabawa suna cewa janaza ko jinaza, kuma wasu masu ƙamus na da sun bambanta su, suka ce ɗaya gawa ce, ɗayar kuwa makarar da aka ɗora gawar a kai. Wasu masana harsuna na ganin Larabcin ma aro ya yi daga Ge'ez, tsohon harshen Habasha, inda ganaza ke nufin naɗe mamaci. Kalmar ba ta zo cikin Alƙur'ani ba, a littattafan hadisi da fiƙihu take.

Abin lura shi ne Bahaushe bai ce janaza ba, sai ya ce jana'iza. Wannan kuwa jam'i ne a Larabci, wato jana'iz, kuma jam'in ne malaman fiƙihu ke sa wa babin da ya shafi mamaci. Haka yake cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a 795, haka kuma cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996. A ganinmu, almajirin da ya zauna zaure yana biya Risala shi ya fita da sunan babin, jama'a suka karɓa suka mai da shi tilo. Irin wannan ta faru da kalmar mala'ika, wadda jam'i ce a Larabci, amma Bahaushe ya ɗauke ta tilo har ya yi mata jam'i nasa, mala'iku.

A 1947 Joseph Greenberg ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa kashi biyu. Na farko su ne waɗanda suka shigo da wuri ta bakin mutane, sau da yawa ɗauke da ragowar "al" a gabansu. Na biyu su ne waɗanda suka shigo daga baya ta hanyar karatu. Idan muka bi wannan rabo, likkafani, daga al-kafan, yana kashin farko, jana'iza kuwa tana na biyu.

3.0 Kalmomin da Ta Tarar

Jana'iza ba ta tarar da fili ba kowa. Hausa tana da mutuwa da gawa da makara. Tana da kushewa, wadda har yanzu ake ji a Hausar yamma gefen kabari na Larabci. Tana da bisne ko bizne, wanda Kanawa ke cewa binne, da biso, wato aikin rufe mamaci. Tana kuma da makoki, daga koka. Duk waɗannan suna faɗin abin da ake yi da gawa, ko abin da masu rai ke yi bayanta. Abin da jana'iza ta ƙaro shi ne salla da hukunci: wanka, da likkafani, da kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, sannan rufewa. Farilla ce wadda in wasu suka yi ta sauka daga kan saura.

4.0 Tarihin Adar

Wannan bambanci yana da nauyi a Adar saboda yadda Musulunci ya shige ta. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana cikin littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Sarauta ta koma hannun Musulmi, amma tsafin ƙasa ya zauna hannun Azna, waɗanda Nicole Echard ta yi nazari mai zurfi a kansu. Daga baya Abzinawan Kel Geres suka yi ƙarfi wajen Madawa, Lisawan kuma wajen Keita. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a wannan yanki ya ƙare rayuwarsa, kabarinsa yana kusa da Madawa.

Ke nan an yi ƙarnuka gidan malam da gidan Azna suna maƙwabtaka, kowa da yadda yake rufe nasa. Kowa ana bisne shi, amma wanda aka yi wa salla kaɗai aka yi wa jana'iza. Kalmar ta zama iyaka tsakanin jama'a biyu, kuma yaɗuwarta cikin ƙauyuka ma'auni ne na yaɗuwar Musulunci.

5.0 Matsalar Fassara

Funérailles ta fito daga funus na Latin, kuma ta haɗa dukan bikin rakiyar mamaci ba tare da duba addini ba. A Faransancin ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Burkina Faso har takan nufi taron da ake yi watanni bayan rufewa. Jana'iza kuwa gajera ce, galibi a ranar rasuwa ake gama ta. Abin da ke biyo baya yana da sunayensa: zaman makoki, ta'aziyya, sadakar uku da bakwai da arba'in, da takabar wata huɗu da kwana goma. Har ila yau, jayayyar da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta kawo a kan sadakokin nan ba ta taɓa jana'iza ba, domin kowane ɓangare ya yarda da ita.

6.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba masu fassara shawara su duba mamacin kafin su zaɓi kalma. In rahoton wani kwamandan Faransa ya ambaci funérailles na wani babban Azna a Buza, biso ko makoki ya kamata a rubuta. Wanda ya sa jana'iza a nan ya musuluntar da mutumin bayan mutuwarsa, ya kuma ɓatar wa mai nazarin tarihi shaidar da yake nema.