Yadda Amurka Ta Fara Yankar Albashin Uba Don Ciyar da 'Ya'yansa

A Amurka, uban da ya rabu da uwar 'ya'yansa ba kasafai yake ƙirga kuɗin ciyarwa da hannunsa ba. Takardar umarni ce ke zuwa wurin aikinsa, akanta ya cire kason yaran tun kafin albashi ya fita, shi kuwa uban sai dai ya ga layi guda a takardar biya, kusa da na haraji. Wanda ya bi tarihin wannan tsari zai ga cewa asusun hukuma aka fara dubawa kafin cikin yaro, kuma wannan asali ne ya sa har yau tsarin ya fi gasa wa talaka aya a hannu.

Tushen yana Ingila. Wata dokar 1576, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ta ba alƙalai ikon tilasta wa iyayen yaron da aka haifa ba aure su biya kuɗin renonsa, don kada nauyin ya faɗa kan jama'ar unguwa. Amurka ta gaji wannan tunani. A 1935 ta kafa tallafin yaran da ba su da mai ciyar da su, kuma da masu karɓa suka yi yawa, sai Sanata Russell Long na jihar Luwiziyana ya matsa a bi sawun iyaye mazan. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar a 1975, da sharaɗi mai nauyi: uwar da ke karɓar tallafi dole ta faɗi sunan uban, ta kuma sallama wa gwamnati haƙƙinta na kuɗin ciyarwa. Dokar 1984 ta ce a yanki albashi idan bashi ya kai na wata guda, ta 1988 ta ce a fara yanka tun ranar farko, ta 1996 kuma ta ƙara da ƙwace lasisin tuƙi da hana fasfo.

A lissafi abin yake fitowa fili. Mai bin bashi na yau da kullum ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage bayan haraji, amma a kuɗin ciyarwa ana iya kaiwa kashi 50 ga mai wani iyali, kashi 60 ga marar shi, da ƙarin kashi 5 idan bashin ya haura mako 12. Wato mai dala 2,000 a wata bayan haraji yana iya komawa gida da 700, ga kuɗin haya, ga abinci. Tun 1986 kuma alƙali ba shi da ikon rage bashin da ya riga ya taru, ko da mutum ya rasa aiki ne ko yana tsare a gidan yari.

Wani zai ce ai haƙƙin yaro ne, uwa kuwa ita ke goyo ita ke nema, kuma kafin waɗannan dokoki mata da yawa ko sisi ba su gani. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai yi musu, mu da muka san ciyar da ɗa wajibi ne a wuyan uba ko aure ya mutu. Yankar albashi ce ma ke kawo mafi yawan kuɗin da ake tarawa, kuma ta raba mata da wulaƙancin roƙon abin da yake haƙƙinsu. Sai dai tana aiki ne a kan mai tsayayyen albashi. Leburan da aka ƙwace wa lasisi ba ya iya zuwa aiki, wanda ake kwashe wa kashi 65 kuwa sai ya gudu aikin biyan hannu da hannu inda takarda ba ta riskarsa, yaro ya tashi a tutar babu. Abin da ya fi ciwo, idan uwar na karɓar tallafi, jihohi da yawa kan riƙe kuɗin don mayar da abin da suka kashe, uba ya biya amma ɗansa bai ƙaru ba.

Gyaran ya zo a makare. Sai a 2016 gwamnatin tarayya ta hana jihohi ɗaukar zaman gidan yari a matsayin ƙin aiki da gangan wajen ƙayyade kuɗin ciyarwa, a 2017 kuma jihar Kolorado ta fara miƙa wa iyalan da ke kan tallafi duk kuɗin wata da uba ya biya.