Ɗan dakon gawayin da ya kai unguwarsa duniya

Yau za mu je Ajantina, amma ba ƙwallo za ta kai mu ba. Na san da zarar an ce La Boca, da yawanku Boca Juniors za ku tuna, kulob ɗin da Maradona da Tevez suka buga wa. To, unguwar da kulob ɗin ya samo sunansa tana da wani ɗa da take alfahari da shi tun kafin a haifi Maradona. Sunansa Benito Quinquela Martín, kuma mai zane ne.

La Boca tana kudancin birnin Buenos Aires, daidai inda kogin Riachuelo ke zubewa cikin Río de la Plata. Ma'anar sunan ma ke nan, wato baki. A ƙarshen ƙarni na 19 unguwa ce ta baƙin haure, akasarinsu daga Genoa ta Italiya, masu aikin lodi da gyaran jiragen ruwa. Gidajensu na katako da kwano ne, iyalai da yawa a gida ɗaya, kamar dai gidan haya.

A watan Maris na 1890 aka ajiye wani jariri a gidan marayu na birnin, tare da takarda mai ɗauke da sunan Benito Juan Martín. Yana da kimanin shekara bakwai wasu ma'aurata, Manuel Chinchella da Justina Molina, suka ɗauke shi riƙo. Sana'arsu sayar da gawayi. Bai yi nisa a makaranta ba aka cire shi don ya taimaka a shago, da ya ƙara tasawa kuma ya shiga dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Da guntun gawayin nan ya fara zane. Yana ɗan shekara 17 ya shiga ajin dare a unguwar, wajen wani malamin zane Ba'italiye mai suna Alfredo Lazzari. Da rana dako, da dare buroshi.

Mutumin da ya buɗe masa ƙofa shi ne Pío Collivadino, shugaban makarantar koyon zane ta ƙasa, wanda ya ga aikinsa ya ƙarfafa masa gwiwa. A 1918 ya yi baje kolinsa na farko shi kaɗai a ɗakin nuni na Witcomb, a tsakiyar birni inda masu kuɗi ke sayen zane.

Ku tsaya ku duba abin da ya rataye musu a bango. Jirage masu tsatsa, hayaƙi, ruwa mai kyallin mai, da 'yan dako sun sunkuya ƙarƙashin kaya suna hawa siririn katako. Masu hannu da shuni na lokacin idonsu na kan Paris, abin da ya zo daga Turai shi ne mai daraja. Sai ga wanda ya ɗauki buhun da kafaɗarsa ya kawo musu unguwar da ba sa takawa. Kuma ya fi yawan aiki da wani ɗan ƙarfe mai faɗi kamar cokalin magina, yana shafa fenti da kauri, har hoton kansa ya yi nauyi irin na aikin da yake nunawa.

Daga nan hanya ta buɗe: Rio de Janeiro a 1920, Madrid a 1923, Paris a 1926, New York a 1928, Roma a 1929, Landan a 1930. Duk inda ya je, La Boca ya kai. Bai sauya abin da yake zanawa don ya burge kowa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Ya daina yawon ƙasashe, ya koma unguwarsu da kuɗinsa. A 1933 ya ba da fili kyauta don a gina makarantar firamare, aka buɗe ta a 1936, shi da kansa ya ƙawata bangonta da zanen tashar jirage. A 1938 aka buɗe gidan tarihin zane a saman ginin, a can kuma ya zauna. Ya sake ba da filaye aka yi makarantar renon yara, asibitin haƙori na yara, da gidan wasan kwaikwayo na Ribera a 1971. Wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ta zama juji, shi da maƙwabta suka gyara ta, aka fente gidajen da launuka masu haske, a 1959 ta zama titin Caminito da masu yawon buɗe ido ke tururuwa a kai yau.

Mutum ne mai barkwanci kuma. A 1948 ya ƙirƙiro lambar yabo ta noti, yana ba masu fasaha, wai duk mai aikin kirki don jama'a sai notin kansa ya ɗan kwance. Ya rasu ran 28 ga Janairun 1977, aka binne shi a akwatin da ya fente da hannunsa.

Sai dai fenti bai warkar da komai ba. Manyan jirage sun koma sababbin tashoshi, aiki ya ragu, Riachuelo ya zama ɗaya daga cikin koguna mafi gurɓata a ƙasar, har sai da Kotun Ƙoli ta ba da umarnin tsabtace shi a 2008. Baƙo na ɗaukar hoto a Caminito, layi kaɗan a baya kuma talauci na nan.

Duk da haka, makarantar na aiki har yau. Kai mai zane, ke mai ɗaukar hoto da waya, wa ke adana kamannin unguwarku kafin ta canza? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.